Allurar Ƙarfe Biyun Dare

(Kiɗan buɗe shiri)

Jama'a masu sauraro, ga mu a filinmu na kiwon lafiya. Waɗanda ke kwance a asibiti suna jin mu, Allah Ya ba ku lafiya, Ya sa kaffara ne. Masu jinya da ke zaune kan tabarma a barandar asibiti da rediyo a kunne, sannunku da ɗawainiya. Shirin yau naku ne kafin kowa.

Bari in fara da abin da ya faru da ni. Wata shekara da hunturu, ciwon huhu ya kwantar da kawuna, ƙanin mahaifiyata. Tari ne da zazzaɓi, muka ɗauka murar lokacin sanyi ce. Kwana huɗu sai ga dattijo ba ya iya haɗa kalma biyar sai ya tsaya ya ja numfashi, gefen ƙirji na sukarsa. Muka ɗauke shi ranga-ranga sai asibiti. Aka sa masa iskar oksijin, aka ɗaura ruwa, likita ya rubuta allurar jijiya sau uku: ƙarfe 10 na safe, ƙarfe 6 na yamma, ƙarfe 2 na dare. Magani da tsada, mu kuma kullum sai mun yi karo-karo sannan mu sayo kwalba uku. A rana ta uku kuɗin kwalba biyu kawai muka haɗa. Na ce a raina kafin dare Allah zai kawo. Ya kuwa kawo, amma lokacin da kuɗin suka iso hannuna masu kemis duk sun rufe.

Ƙarfe 2 daidai sai ga nas da farantin allura da 'yar fitilarta. Ta ce, "Ina maganin Baba?" Na ce, "Sista, a yi haƙuri sai da safe. In ya so a haɗa masa biyu." Ta ajiye farantin, ta dube ni, ta ce, "Malam, wannan allurar ba a ramuwarta." Sai ta zaga gadon wani majinyaci da ake yi wa irinta, ta tashi ɗansa daga barci, ta roƙe shi aron kwalba ɗaya. Gari na wayewa muka biya. Kawu ya tashi, alhamdu lillahi, har ya yi shekaru bayan nan. Amma a daren ban gane abin da ya sa baiwar Allah ta tashi mutum daga barci saboda jinkirin 'yan sa'o'i ba. Sai daga baya na fahimci cewa maganar da ta faɗa mini a tsaye, ita ce likitocin duniya suka kwashe fiye da shekara 80 suna bincike a kai: nawa za a ba mai ciwo mai tsanani, yaushe, kuma da wane irin sauri.

Ciwon huhu, wanda wasu ke kira nimoniya, wasu limoniya, wasu kuma sanyin haƙarƙari, ƙwayar cuta ke kawo shi. A cikin huhun mutum akwai 'yan mitsi-mitsin jakunkunan iska, ɗaruruwan miliyoyi, ta nan iskar da muka shaƙa ke ratsawa ta shiga jini. In ƙwaya ta sauka can, sai jakunkunan su cika da ruwa da mugunya, iska ta rasa mashiga. In abin ya ci gaba, hawan jini ya faɗi, ƙoda ta fara gazawa, mutum ya rikice. Irin waɗannan ake kai wa sashen kulawa ta musamman, wanda bakin jama'a ya laƙaba wa gobe-da-nisa, wani lokaci har a sa musu na'urar numfashi. Wanda ya daɗe a kan na'urar kuma yana iya kamuwa da wani sabon ciwon huhun daga ƙwayoyin da ke zaune a asibiti, irin su Klebsiella da Pseudomonas da Acinetobacter, waɗanda suka yi suna wajen taurin kai. Makamin likita a kansu shi ne antibayotik, wato maganin kashe bakteriya.

To, ta yaya ake sanin ƙarfin da zai danne ƙwaya? A ɗakin gwaji ake ɗaukar kakin majinyaci ko jininsa, a raini ƙwayar, a jera 'yan kwalabe, kowace da ƙarfin magani ninkin na wadda ta gabace ta. A zuba ƙwayar a ciki, a bar ta ta kwana. Da safe, kwalbar da ruwanta ya gurɓace, ƙwaya ta hayayyafa ke nan. Wadda ta kwana garau, magani ya fi ƙarfinta. Mafi ƙarancin ƙarfin da ya hana ta motsi shi ne ma'aunin da ake nema. A shirin nan mu kira shi layi, kamar zanen da ake yi da gawayi a jikin randa. Maganin da ke jinin mutum in yana sama da layi, ƙwaya na danne. In ya sauko ƙasa, ta samu sarari.

Matsalar ita ce randar tana yoyo, kuma tun ranar farko aka gane haka. A 1928 Alexander Fleming ya gano penisilin a Landan. Sai a 1941 Howard Florey da Ernst Chain da abokan aikinsu a Oxford suka tara ɗan abin da za a gwada a jikin mai ciwo. Wani ɗan sanda ne mai suna Albert Alexander, cuta ta ci fuskarsa ta bazu a jiki. Ranar 12 ga Fabrairu aka fara yi masa allura. Cikin kwana ɗaya zazzaɓi ya sauka, ya fara cin abinci. Amma ƙoda ba ta barin penisilin ya zauna. Cikin kusan rabin sa'a ta zubar da rabinsa a fitsari. Masu sauraro, har fitsarin mutumin nan suka riƙa tarawa, su kai ɗakin gwaji, su tace maganin, su sake yi masa allura da shi. Bayan kwana biyar abin da ke hannunsu ya ƙare. Cuta ta dawo, ya rasu ranar 15 ga Maris. Maganin da ya dace ne aka ba shi, yana kuma aiki, bai dai wadata ba.

A wajajen 1950 wani likita Ba'amurke, Harry Eagle, ya yi ta gwaji a kan ɓeraye da zomaye, ya ga cewa abin da ke warkarwa a penisilin shi ne tsawon lokacin da ya yi yana sama da layi. In ka riɓanya shi ya yi tashin gwauron zabo sannan ya faɗo da wuri, ribar kaɗan ce. Daga baya William Craig na Jami'ar Wisconsin ya faɗaɗa wannan aiki, ya nuna cewa magungunan nan hali biyu ne da su.

Duk wanda ya taɓa tsaron gonar shinkafa ko gero lokacin da tsuntsaye jan-baki suka sauka zai gane hali na farko. Yaron da ke kan rumfa yana kaɗa gwangwani, amfaninsa ya zauna. In ya yi ihun da ya fi na kowa da safe, sannan ya tafi gida cin tuwo, kafin ya dawo an yi ɓarna. Haka dangin penisilin suke: amoksisilin, seftiriyazon, piperasilin, meropenem. Masu gadi ne, zamansu ake so. Ƙwayar bakteriya kuwa in ta samu yadda take so, wata takan rabu biyu cikin minti 20 zuwa 30. Ku lissafa abin da za ta yi daga ƙarfe 2 na dare zuwa 10 na safe in mai gadi ba ya nan. Hali na biyu shi ne na irin su jentamaisin da amikasin. Su sara ɗaya mai ƙarfi suke yi, ƙwaya ta daɗe ba ta farfaɗo ba, shi ya sa galibi ake ba da su sau ɗaya a rana. Don haka in kun ga an rubuta wa wannan sau ɗaya, wancan sau uku, kowane magani da halinsa aka bi.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Adadin da ke rubuce a takardar cikin kwali, yawanci an fara auna shi ne a jikin lafiyayyu da marasa lafiyar da ciwonsu bai yi tsanani ba. Jikin wanda ke kwance a gobe-da-nisa kuwa ya sauya. Ƙananan jijiyoyin jininsa sun zama kamar rariya, ruwa na tsiyaya cikin nama, hannu da ƙafa su kumbura. Likitoci kuma dole su ƙara masa ruwa leda bayan leda don kada hawan jini ya ƙara faɗuwa. Magani na shiga sai ya watsu cikin wannan ruwa mai yawa. Uwargida ta san zancen: cokalin gishirin da ya ishi miyar gida, in aka zuba shi a tukunyar biki ba wanda zai ji ɗanɗanonsa. Wannan ne ya sa ake son allurar farko ta zama cikakkiya, a kuma yi ta da gaggawa. Ƙa'idojin duniya na jinyar cutar da ta bazu a jini sun ce in hawan jini ya riga ya faɗi, a ba da antibayotik cikin sa'a ɗaya.

Sai ƙoda. A lafiyayyen mutum takan tace ruwa kimanin lita 180 daga jini a kowace rana, ta mayar da kusan dukkansa, ragowar ya fita a fitsari tare da magani. A mai ciwo mai tsanani tana iya karkata ta kowane ɓangare. Ta wani ta gaza, magani ya taru ya zama guba. Ta wani kuma ta ƙara wuta, musamman matashi mai ƙarfi, ko wanda ya yi haɗarin mota, ko wanda ya ƙone. Zuciya na bugawa da ƙarfi, ƙoda na wanke magani kafin ya yi aikinsa. Abin tausayi a nan shi ne gwajin jini zai nuna ƙoda lafiya lau, kowa ya yi hamdala, alhali ita ce ke zubar da maganin. Kuma ƙodar mutum ɗaya tana iya zama mai sauri ran Litinin, ran Alhamis ta gaza.

Ga kuma huhun kansa. Shigar magani jini daban, isarsa cikin jakunkunan da suka cika da mugunya daban. Akwai wani antibayotik mai ƙarfi, daptomaisin, da ke aiki sosai a jini da fata, amma ba a ba da shi don nimoniya, domin wani ruwa mai santsi da Allah Ya shimfiɗa a cikin huhu yana kama shi ya kashe masa kaifi.

Ganin haka wani masanin haɗa magunguna a Jami'ar Queensland ta Ostareliya, Farfesa Jason Roberts, da abokan aikinsa suka ce bari a auna a gani. Binciken da suka kira DALI ya fito a 2014. A asibitoci 68 aka ɗebi jinin majinyatan sashen kulawa ta musamman da ake yi wa allurar dangin penisilin. Aka tarar da tazara mai ban tsoro: magani iri ɗaya, amma ƙarfinsa a jinin wani ya ninka na wani sau ɗaruruwa. Cikin mutum 248 da ake yi wa maganin cuta, kashi 16 cikin 100 maganinsu bai kai ko rabin lokacin da ke tsakanin allura da allura yana sama da layi ba, kuma waɗannan samun sauƙinsu ya yi ƙasa da na sauran. An yi musu allura a kan lokaci, an rubuta a fayil, amma gona ta yini babu mai gadi.

(Gajeren kiɗa)

Masu sauraro, in yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan yadda ake auna antibayotik ga masu ciwon huhu mai tsanani.

Tunda zama ake so daga mai gadi, sai likitoci suka yi tunani: me zai hana a daina zuba maganin a minti 30 a jira sa'a takwas? A fara da cikakkiyar allura ɗaya, sannan ragowar maganin yini a bar shi yana ɗiga a hankali dare da rana. Adadin bai ƙaru ba, kuɗin magani bai ƙaru ba, tafiyarsa kawai aka sauya. A takarda dabarar ta yi kyau. Amma aikin likita ba a gina shi a kan kyawun dabara, sai an gwada an ƙirga waɗanda suka rayu.

An yi ƙananan gwaje-gwaje, wasu suka nuna amfani, wasu ba su nuna ba. Wani da aka yi wa mutum 607 da meropenem, wanda likitocin Italiya suka jagoranta ya fito a 2023, bai ga bambanci ba. Sannan aka yi babban, mai suna BLING III, ƙarƙashin jagorancin likitocin Ostareliya, ciki har da Joel Dulhunty da Jeffrey Lipman. Daga 2018 zuwa 2023, a ɗakunan kulawa ta musamman 104 a ƙasashe bakwai: Ostareliya, Niyu Zilan, Birtaniya, Faransa, Beljiyam, Suwidin da Malesiya. Mutum 7,031 aka yi lissafi da su, dukkansu cuta ta yi musu tsanani, fiye da rabinsu kuma a huhu take. Da ƙuri'a aka raba su gida biyu don kada son rai ya shiga. Gida ɗaya ana ba su piperasilin ko meropenem a minti 30 kamar yadda aka saba, ɗaya gidan kuma yana ɗiga ba yankewa.

Sakamako ya fito a mujallar JAMA a watan Yunin 2024. Bayan kwana 90, waɗanda suka rasu a gidan ɗigo sun kai kashi 24.9 cikin 100, a gidan allurar da aka saba kuma kashi 26.8. Waɗanda suka warke daga cutar cikin kwana 14, kashi 55.7 a gidan ɗigo, kashi 50 a ɗaya gidan. Masu binciken suka faɗi gaskiya: tazarar mace-macen ba ta kai mizanin da suka gindaya tun farko ba, wanda zai sa a ce lallai maganin ne ya yi, ba dace ba. Amma a rana guda aka fitar da wani nazari da ya tattara gwaje-gwaje 18, mutum 9,108, har da wannan. Da aka haɗa su, lissafi ya nuna yiwuwar cewa tsawaita ɗigon yana rage mutuwa ta kai kashi 99 cikin 100.

Wani zai ce kashi biyu cikin ɗari ai ba yawa. Ni ban ga ƙanƙantarsa ba. In tazarar nan ta tabbata, rai ɗaya ke nan a cikin kusan kowane mutum 50, ba tare da an sayi ƙarin kwalba ko ɗaya ba. Wanda ya taɓa zama a bakin ƙofar gobe-da-nisa yana jiran a leƙo a kira sunansa ya san darajar mutum ɗaya.

Sai dai dabarar tana da nata sharuɗɗa, kuma a nan ne zancen ya shafe mu kai tsaye. Ɗigon dare da rana yana son na'urar tura magani, da wutar da ba ta ɗaukewa, da jijiya ta musamman da ba a haɗa ta da wani magani, da nas mai sa ido. Meropenem kuma in aka narkar da shi ba ya jure zama. Bayan 'yan sa'o'i ƙarfinsa ya fara raguwa, zafi kuwa yana gaggauta lalacewarsa. Ɗakin da ke da na'urar sanyi a Ostareliya daban yake da ɗakin da fanka ta tsaya a watan Afrilu a Sakkwato ko Maraɗi. Shi ya sa a wurare da dama ake bin tsaka-tsaki: kowace allura a ja ta tsawon sa'a uku ko huɗu maimakon minti 30.

Ku lura kuma, cikin ƙasashe bakwai ɗin nan babu ta Afirka ko ɗaya. Majinyatanmu galibi sun fi nasu ƙuruciya. Muna da masu sikila, waɗanda ƙodarsu kan yi saurin tacewa tun suna yara. Muna da masu tamowa, waɗanda furotin ɗin da ke riƙe wasu magunguna a jini, irin su seftiriyazon, ya yi musu ƙaranci, magani ya fi saurin fita. Ina ganin wannan aiki ne da ke jiran asibitocin koyarwa namu, su auna a jikin mutanenmu, a yanayinmu, da kayan aikin da ke hannunmu.

Akwai wata dabarar kuma: a riƙa ɗibar jinin majinyaci ana auna maganin, a ƙara ko a rage. An gwada a Jamus da mutum 249, an gwada a Holan da mutum 388, duka sakamakon ya fito a 2022, kuma babu wanda ya nuna amfani bayyananne ga kowa da kowa. Ana ci gaba da neman waɗanda awon zai fi yi wa rana.

Kada wani ya ji wannan bayani ya ce to a yi ta dankara magani. Wuce gona da iri ma kisa yake yi. Jentamaisin in ya taru yana lalata ƙoda, yana kuma kurumtar da mutum, kurumtar da sau da yawa ba ta warkewa. Sefepim in ya yi yawa a jinin mai raunin ƙoda yana rikita ƙwaƙwalwa har ya kawo jijjiga. Yawan kwanaki ma ba shi ne warkewa ba. A 2003 likitocin Faransa sun kwatanta kwana 8 da kwana 15 a mutum 401 da suka kamu da nimoniya a kan na'urar numfashi. Mace-mace suka zo kusan ɗaya, kuma cikin waɗanda cutar ta dawo wa, 'yan kwana 8 sun fi ƙarancin ƙwayoyi masu bijire wa magani. Ranar tsayawa dai likita ke yanke ta bayan ya duba majinyaci, ba mai jinya ba don ya ga an fara cin abinci.

Ƙarancin magani kuwa ɓarnarsa ba ta tsayawa kan mutum ɗaya. In ƙarfinsa ya tsaya ƙasa-ƙasa, raunanan ƙwayoyi su mutu, masu tauri su rage su hayayyafa, gobe su kama na gadon kusa. Fleming da kansa ya yi wannan gargaɗi a jawabinsa na karɓar kyautar Nobel a 1945. Wani babban nazari da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai ƙwayoyin da suka daina jin magani sun kashe mutum miliyan 1.27 a duniya. Cututtukan huhu da ƙirji ne a kan gaba, yankin da abin ya fi muni kuma shi ne namu, Afirka ta Yamma, da kimanin mutum 27 cikin kowane 100,000. Kafso biyu da ake saya a tire a tasha, a sha yau a bari gobe, yana cikin abin da ya kawo mu nan.

To, ɗan'uwa mai jinya, 'yar'uwa mai jinya, ga naki ga naka. Auna magani aikin likita ne da mai haɗa magani da nas. Amma a yawancin asibitocinmu kwalbar daga hannunka take fitowa, don haka kai ma kana cikin masu gadin. Ka tambayi nas lokutan allura, ka rubuta a takarda ko a waya. In kuɗi ba za su kai ba, ka faɗa tun da rana, tun ana iya neman mafita: a kira dangi, a je ofishin jin ƙai na asibiti, ko likita ya duba ko akwai wani maganin da zai maye gurbinsa. Kunya ce ta hana ni magana da la'asar ran nan, ta kuma kusa jawo wa kawuna abin da ba na fata. Ka sayi magani a kantin asibiti ko wurin da ke da rajista, ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa in a Najeriya kake, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa ɗaya cikin goma na magungunan da ke yawo a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko marasa inganci. Kwalbar da rabin ƙarfi ke cikinta, ko an yi allurarta a kan lokaci, ba za ta kai layi ba.

Sai wata ɗabi'a da na sha gani da idona. An ɗaura ƙaramar leda, tana ɗiga ɗis, ɗis, a hankali. Mai jinya ya gaji da kallo, ya ce ruwan nan ba ya tafiya, ya miƙa hannu ya murɗa ɗan tayan da ke jikin igiyar don ya ƙare da wuri a samu a kai majinyaci bayi. Don Allah a bari. Mai yiwuwa da gangan aka saita shi ya yi sa'a uku, saboda duk dalilan da muka zayyana. Wasu magungunan ma in suka shiga da gudu illa suke yi nan take. In kin ga ya tsaya cak, ko hannu ya kumbura a wurin allurar, ki kira nas.

In an ce a tara fitsari a auna, a tara, kada a zubar don ƙyama, domin da shi likita ke gane halin da ƙoda ke ciki ya san ko zai ƙara ko zai rage. A kuma gaya masa duk abin da majinyaci ya sha kafin zuwa, na kemis da na gargajiya, ba ɓoye-ɓoye. Ba faɗa zai yi ba, lissafi zai gyara. In ana son kaki ko jini don gwaji, a bari a ɗauka tun kafin allurar farko in hali ya yi, don a san ƙwayar da ake yaƙi da ita.

Wanda ke gida kuma, tari da zazzaɓi in suka haɗu da numfashi sama-sama, ko sukar ƙirji, ko rikicewa, ko leɓe ya sauya launi, a tafi asibiti a ranar. Yaro kuwa a ɗaga rigarsa a ƙirga numfashinsa na minti ɗaya yana kwance shiru: ɗan ƙasa da wata biyu in ya kai 60, ɗan wata biyu zuwa shekara in ya kai 50, ɗan shekara ɗaya zuwa biyar in ya kai 40, ko kuma ƙasan ƙirjinsa na lotsawa in ya ja iska, kada a jira gobe.

Lokaci ya cim mana. Waɗanda ke da allurar ƙarfe 2 a daren nan, a leƙa jaka tun yanzu a tabbata kwalbar na ciki. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, Ya saka wa ma'aikatan jinya da alheri.

(Kiɗan rufe shiri)